Tambaya Da Amsa: Wai NPC Kaɗai Ce A Majalisar Arewa Ta Kaduna?

Tambaya: Malam barka da aiki. Kakana ɗan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ne har ya rasu, yana ce mana suna da mutanensu a majalisa, amma kullum ana turo mana a WhatsApp wai zamanin Sardauna babu ɗan adawa ko ɗaya a majalisar Kaduna, kan Arewa a haɗe yake. Abin yana damuna, shin ƙarya tsohon ya riƙa yi mana?

Amsa: Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, kakanka bai yi ƙarya ba. NPC, jam'iyyar Sardauna, ce ke da rinjaye a Lugard Hall, inda majalisar ke zama a Kaduna, wannan ba musu, a zaɓen 1961 ma ta kwashe sama da kujeru 150 cikin 170. Amma bayan zaɓen 1956 akwai 'yan NEPU a zauren, akwai jam'iyyar UMBC ta mutanen yankin tsakiyar Najeriya, ga jam'iyyar Ilorin Talaka Parapo da ta haɗa kai da AG ta Awolowo, kuma Ibrahim Imam na Borno, wanda sakataren NPC ne kafin ya fice a 1954, shi ne jagoran adawa.

Wallahi wannan magana ta "kai a haɗe" ta ishe ni, kullum sai wani masanin tarihin Facebook ya kawo min ita. Ku tambaye shi yaya aka yi zaɓen mana. A 1951 hawa-hawa ake yi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma En'e tana da ikon cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, shi ya sa NEPU ta yi nasara a zagayen farko a birnin Kano amma da aka kai ƙarshe ta tashi a tutar babu. Ko a 1956 wasu mazaɓun birane ne kawai suka yi zaɓen kai tsaye. Mata kuwa ba su da ƙuri'a gaba ɗaya har aka rushe majalisar a Janairun 1966. Sannan ka duba su waye a kujerun NPC ɗin, yawanci hakimai ne da ma'aikatan En'e, alkali da ɗan doka duk a hannunsu, to talakan da ake ɗaurewa don ya yi taro ba izini, ta ina zai kai ɗan takararsa Kaduna? Yawan kujera daban, yawan masu goyon baya daban.

Kuma a daina cuɗa wannan majalisar dokoki da Majalisar Sarakuna, waccan zaure ne daban, Sarkin Musulmi da sauran sarakuna can suke zama.