Igiyar Ruwa da Sawun Jirgi Mai Inji: Yaya Mai Kwalekwale Zai Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sabon shiga ne a tuƙin kwalekwale a dam ɗin Sabke, kusa da Daura. Duk sa'ad da jirgi mai inji ya wuce, sai igiyar ruwa ta nemi kifar da ni. Wani lokaci kuma ba jirgi, amma ruwan ya yi ta tashi. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Igiyoyin nan iri biyu ne, amma dokarsu ɗaya: kada ka ba su haƙarƙarin kwalekwale.

Jirgi mai inji yana barin sawu mai fuka-fuki biyu a bayansa, kowane fiffike ya buɗe da kusan digiri 19 daga layin tafiyarsa. Wani masanin Birtaniya, Lord Kelvin, ya bayyana lissafin wannan a 1887. Amfaninsa gare ka shi ne sawun ba ya iso ka sai bayan jirgin ya wuce, don haka kana da ɗan lokacin shiri. Dubi jirgin da kyau. Idan ka ga goshinsa ya ɗaga sama, gindinsa ya nutse, to a wannan gudun ne ya fi tara ruwa, haɗarinsa ya fi na wanda ya sheƙa a guje.

Juya goshin kwalekwalenka ya fuskanci igiyar a ɗan karkace, kamar digiri 45. Idan ka tunkare ta kai tsaye, goshin zai iya cakawa cikin ta biyu, ruwa ya zubo. Idan ka ba ta gefe, kifewa ce. Sannan kada ka daina tuƙi. Nan ne sabon shiga ke yin kuskure: tsoro ya kama shi, ya ɗaga filafili, ya riƙe bakin jirgi da hannu biyu. Filafilin da ke cikin ruwa shi ne sandar dogararka. Zauna ƙasa sosai, ka saki ƙugu, kwalekwalen ya yi rawarsa a ƙarƙashinka. Kuma igiyoyin a jere suke zuwa, kada ka saki jiki bayan ta farko.

Igiyar da iska ke tayarwa kuwa, girmanta ya dogara da ƙarfin iskar, da daɗewarta, da faɗin ruwan da ta ratsa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, shi ya sa gaɓar kudu maso yamma ta fi hargitsi. Bi gefen da iskar ke fitowa. Da damina, in hadari ya haɗo daga gabas, iskar da ke gabansa kan zo bagatatan. Fita tun kafin ta iso. Farin kumfa a kan ruwa alama ce iska ta kusa kilomita 20 a awa.

Ka nisanci bangon dam, domin igiya na bugunsa ta dawo ta haɗu da mai zuwa, ruwa ya rikice ta ko'ina. A wuri marar zurfi ma igiya kan miƙe ta karye.

Rigar ceto kuma a jiki ake sa ta, ba a shimfiɗa ta a zauna a kai ba, ko da ka iya iyo. Ajiye ƙwarya ta kwashe ruwa kusa da ƙafarka, kuma kafin ka shiga ka tambayi masuntan wurin inda kututturan itatuwa suke a nutse.