Amsa ga mai hoton kalandar biki da ya dushe

Malam wallahi ina karanta tambayar nan taka sai da raina ya sosu, wai ka rage hoton ango da amarya a Photoshop, da ka dawo ka ƙara masa girma sai ya dushe, ga fuskar ango ta matse. Mun sha wannan ɗacin.

In ka rage leya (wato shimfiɗar da hoton ke kai) da Ctrl+T ka buga Enter, zubar da fiksel (ƙananan ɗigogin da suka haɗa hoto) Photoshop yake yi, ba ya ajiye maka su, to ranar da ka ja don ta girma sai ya cike gurbin da kame-kame. Kafin ka taɓa hoto ka danna dama a kan leyar ka zaɓi Convert to Smart Object, asalin zai zauna a ciki ka yi ta ragewa kana ƙarawa. Amma fa in hoton tun asali ƙarami ya zo, wannan dabarar ba za ta cece shi ba.

A nan wani bawan Allah ya ƙona min rai. Fastar walimar ƙaninsa ya kawo, babba wadda za a rataya a ƙofar gida, hoton kuma a sitatus ɗin wani ya ɗauko ya turo min ta WhatsApp. Na ce Alhaji a turo asalin a matsayin dokumen, ya ce ai an sayar da wayar. Na ce to a bar shi ƙarami a gefe, ya ce shi dai fuska ta cika rabin fasta. Na nuna masa a kwamfuta da idonsa ya ce a buga. Da aka bugo fuska kamar an ɗauke ta cikin hazon hunturu, mutumin nan ya shiga gurup ɗin danginsu ya ce ban iya aiki ba, cikon kuɗina ya hana, mai bugawa daga aljihuna na sallame shi. Har yau in mun haɗu sai ya miƙo min hannu yana fara'a ko kunya babu. Allah ya isa kawai.

Matsewar fuska kuma Shift ne. A tsohon Photoshop CS6 sai ka riƙe Shift hoto ke tafiya daidai, amma daga Photoshop CC 2019 suka juya abin, riƙe shi ne ke matse hoton. In hannunka ya saba da na da, shiga Preferences, General, ka kunna Use Legacy Free Transform.

Kuma don Allah kar ka je Image Size don gyara leya ɗaya, duka aikin zai taɓa har rubutun. Tun farko ka buɗe takardar a girman bugawa, A4 a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci) fiksel 2480 ne da 3508. Batun sa hoto a tsakiya bar aunawa da ido, Ctrl+A ka ɗauki Move Tool ka danna maɓallan jerawa da ke sama, in matsarwa kaɗan ce kibiyoyin kibod, da Shift tana tsallen fiksel 10. Ka cire alamar Auto-Select ma, shi ke sa ka kamo bango kana nufin amarya.

Ni yanzu ba na bugawa sai an ba ni rabin kuɗi, kuma wanda ya kawo aikin ya rubuto min "a buga" a rubuce, ba muryar da zai goge ba. Wane Photoshop ne a kwamfutarka, kuma hoton ta ina aka turo maka?