Dalilin da ya sa na hana gado na biyar deksametason

Jiya bayan zagayen marasa lafiya ka tare ni a baranda: mutum biyu a ɗaki ɗaya, duka korona ta kama musu huhu, amma na rubuta wa dattijon gado na uku deksametason, na hana saurayin gado na biyar. Ka ce ba ka gane ba. To ƙanena, ka koma ka dubi 'yar na'urar auna oksijin na jini da ke maƙale a yatsunsu. Saurayin yana kan kashi 96 cikin ɗari ba tare da an sa masa oksijin ba, zazzaɓi da tari ne ke ba shi wuya. Dattijon kuwa 87 muka tarar da shi, gaisuwa ma sai ya tsaya a tsakiya ya ja numfashi kafin ya ƙarasa.

Deksametason ba ya kashe bairos, kumburi yake kwantarwa. A kwanakin farko ƙwayar cutar ce ke hayayyafa, garkuwar jiki na fama da ita. Ka ba da maganin a lokacin, ka ɗaure mai gadi ɓarawo na cikin gida. Sai wajen mako na biyu ne garkuwar wasu ke wuce gona da iri, ruwa ya cika 'yan jakunkunan iskar huhu, oksijin ya kasa shiga jini. A nan yake aiki. Binciken RECOVERY na Jami'ar Oksfod ya nuna haka a Yunin 2020: miligiram 6 sau ɗaya a rana, har zuwa kwana 10, ya rage mutuwa da kusan ɗaya cikin uku a waɗanda na'ura ke yi wa numfashi, ɗaya cikin biyar a masu shaƙar oksijin kawai. Waɗanda ba sa buƙatar oksijin kuwa bai amfane su da komai ba. Binciken nan ne kuma ya gano ɗan'uwan kulorokwin da aka yi ta rububinsa ba ya hana mutuwa.

Abin da ya fi damuna da ku matasa shi ne ku rubuta ku wuce. Maganin nan yana ɗaga suga sosai, kuma dattijonmu dama mai ciwon suga ne. A Indiya a 2021, yawan ba da irinsa ga masu suga na cikin abin da ya jawo annobar baƙin fangas mai cin hanci da ido. Mu nan kuma ga tarin fuka; ka tambayi tsohon tari da rama kafin ka danne garkuwar mutum.

Kada kuma ka ɗauka duk limoniyar bairos haka take. In mura mai tsanani ce ta infuluwenza, Tamiflu za ka fara, miligiram 75 safe da yamma kwana 5, ko da an wuce awa 48 da fara ciwon, kuma ba a saba haɗa shi da deksametason ba. Maganin kashe bakteriya sai ka ga alamarta, ba don hankalinka ya kwanta ba. Allurar hefarin ta hana daskarewar jini, wannan kam kada ka manta, sai in akwai haɗarin zubar jini.

Yanzu je ka kwantar da dattijon ruf da ciki, ka auna sugansa kafin magariba. Saurayin kuma a duba yatsansa duk awa huɗu. In ya sauka ƙasa da 92, a sa masa oksijin, ka kira ni ko da tsakar dare ne.