Allurar Maleji Na Faɗuwa Ana Cikin Tafiya, a Gaban Rewaya Kuma Ta Ƙi Yi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na san filin nan na waya da kwamfuta ne, amma a taimaka mini. Motata ƙirar 2010 ce. Ina cikin tafiya sai allurar maleji da ta gejin mai da ta zafin inji duk su zube ƙasa, fitilun gargaɗi su kama gaba ɗaya, bayan ɗan lokaci komai ya dawo daidai. Injin bai taɓa mutuwa ba. Na kai wa rewaya, ya duba bai ga komai ba, ya ce in sayo wani allon mita a canza. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka saya tukuna, Malam. Tambayarka kuma ba ta fita daga filinmu ba, domin motar 2010 tarin ƙananan kwamfutoci ne da ke magana da juna, allon da ke gabanka ɗaya ne daga cikinsu.

A tsofaffin motoci, wata igiyar ƙarfe ce ke tasowa daga giya ta juya allurar maleji kai tsaye. Yanzu babu ita. Kowace allura tana da ɗan ƙaramin injin lantarki a bayanta, allon ne ke ba shi umarnin inda zai tsaya. Shi kuma allon abu uku yake buƙata: wutar da ke shigo masa, wayar nagatif da ke mayar da wutar ta jikin mota, da bayanan da kwamfutar inji ke aiko masa. Waɗannan bayanai suna bi ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986. Tunda alluranka duka suke faɗuwa lokaci guda, da wuya a ce na'urar auna mai da ta zafi da ta gudu sun lalace a daƙiƙa ɗaya sannan su warke tare. Abin da suka yi tarayya a kansa ne ke yankewa, wato ɗaya daga cikin ukun nan. Dukkansu kuma daga wajen allon suke zuwa, shi ya sa mutum kan canza allo matsalar ta dawo bayan kwana biyu.

Rewayanka bai yi ƙarya ba da ya ce bai ga komai ba. Lokacin da motar ke tsaye a gabansa, wayar da ta saki tana taɓa inda ya kamata ta taɓa, duk awon da zai yi daidai zai nuna. Aikinka na farko shi ne ka kai masa shaida. Ka ɗaure wayarka ta hannu a marikinta tana kallon allon, ko ka ba na kusa da kai ya riƙe, a ɗauki bidiyo. Kai dai hannunka na kan sitiyari. Idan abin ya faru, ka kalli bidiyon a hankali ka lura da wannan: hasken allon ya ɗauke gaba ɗaya, sannan ya dawo kamar yanzu aka murɗa makulli, har ƙaramin lissafin tafiya ko agogo ya koma sifili? To wuta ce ko nagatif ke yankewa. Idan kuwa hasken yana nan, rubutu na nan, allurai ne kawai suka zube fitilun gargaɗi suka kama, allon yana da wuta amma ya daina jin kwamfutar inji, sai a nufi wayoyin CAN da soket ɗinsu. Wannan bambanci kaɗai ya raba aikin gida biyu.

Sannan ka riƙa rubuta yanayin da abin ke faruwa. Idan a kan gargada ne ko bayan an faɗa rami, wani abu ne ya saki. Idan sai motar ta daɗe a rana ko an yi doguwar tafiya, zafi ne ke buɗe wata tsaga. Idan bayan ruwan sama ne ko wankin mota, a nemi inda laima ke shiga, musamman akwatin fiyus da ke ƙasan dashbod. Idan kuma sai ka kunna manyan fitilu ko sigina ko iyakwandishan allurai ke rawa, ni nagatif nake fara zargi. Wutar da ta rasa hanyarta ta komawa batir takan bi ta duk inda ta samu, har ta cikin allon, sai ka ga sigina na ƙiftawa allurar mai na rawa tare da ita.

Daga nan sai batir, kuma kada a raina shi. Ka kama kan batir da hannu ka gwada juya shi. Idan ya motsa, ka ɗaure shi kafin komai, ka goge farin garin da ya taru a kai. Da multimita, wato na'urar auna wutar lantarki, cikakken batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe. Idan inji na aiki, yawancin motoci suna nuna tsakanin 13.5 da 14.7. Idan ka ga lambar tana tsalle ko tana haura 15, altaneta mai yi wa batir caji ce ke watsa wuta, kuma hakan na rikita kowace kwamfuta da ke cikin motar.

Akwai awon da nake so ka nace a yi, don shi ake yawan tsallakewa. Mutane da dama sukan sa multimita a wajen da take ƙara, su taɓa waya nan da can, da ta yi ƙara su ce wayar lafiya lau. Wannan ƙarar yaudara ce. Waya mai silli ashirin, ko da goma sha tara daga ciki sun tsinke, sillin da ya rage zai sa mita ta yi ƙara, amma ba zai iya ɗaukar wutar da ake buƙata ba. Awon da ke faɗin gaskiya shi ne wanda ake yi mota na aiki: a tayar da inji, a kunna fitilu da fanka, a sa mita a kan bolt, tsinke ɗaya a kan nagatif na batir, ɗayan a kan ƙarfen jikin mota mara fenti, sannan a kan jikin inji. Ya kamata lambar ta tsaya ƙasa da bolt 0.2. Idan ta kai rabin bolt ko ta wuce, akwai tsatsa ko sakin noti a hanyar. A kwance wayar, a goge wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure da kyau. Allon mita yana da nasa wurin ɗaurin nagatif, galibi a bayan dashbod ko a gefen ƙafar direba, shi ma a duba shi.

Idan duk wannan daidai ne, sai a tsokano matsalar da gangan. Mota na tsaye, inji na aiki, mutum ɗaya na kallon allo, ɗayan na girgiza damin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana danna kowane soket da kowane fiyus. Fiyus na iya zama bai ƙone ba amma bakin da ke riƙe shi ya buɗe. A jijjiga makulli a raminsa, domin makunnin da ya tsufa yakan yanke wa allo wuta ya bar inji na aiki, musamman idan an daɗe ana rataya masa tarin makullai masu nauyi. A ƙarshe a bubbuga saman dashbod da tafin hannu. Idan bugu ɗaya ya kashe allon ko ya dawo da shi, an zo wurin.

A nan ne kawai allon kansa ke shiga zargi, kuma ko a nan ba lallai a canza shi ba. A bayansa akwai ƙafafun soket da aka liƙa da dalma a kan faranti. Shekaru na zafi da sanyi da girgiza sukan sa dalmar ta tsage zagaye da ƙafar, siririn zobe da ba ka gani sai da gilashin ƙara girma. Duk mai gyaran waya ya san irin wannan ciwo, kusan shi ne na soket ɗin caji da sai an karkata igiya yake kamawa. Mai hannu a liƙin dalma zai sake narka wuraren ya cike su, allonka na asali ya dawo aiki. Wannan ya fi maka, domin a motoci da yawa lissafin kilomita a cikin allon yake, a wasu ma har da tsarin da ke gane makulli. Idan ka ɗora na wata mota, kana iya samun lissafin da ba naka ba, ko motar ta ƙi tashi sai an saita shi da kwamfuta.

Kafin a zare allon, a cire nagatif na batir. Duk waya ko soket mai launin rawaya a wajen sitiyari da dashbod na jakar iska ne, kada a sa masa mita, kada a girgiza shi. Kuma kafin a gama gyara, ka sani duk lokacin da allon ya ɗauke ba ka da mai gaya maka inji ya yi zafi ko baƙin mai ya daina zagayawa. Ka riƙa duba ruwa da baƙin mai da kanka kafin ka fita, doguwar tafiya kuma ka jinkirta ta.

Tambaya: Malam, na ga ana sayar da wata 'yar na'ura da ake soka wa a mota ta haɗu da waya ta Bluetooth. Za ta iya nuna mini abin da ke sa allon motata ɗaukewa?

Amsa: Za ta taimaka, amma ka san iyakarta. Ramin da ake soka ta sunansa OBD-II, yana da baki 16, galibi a ƙasan sitiyari. An wajabta shi a motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, a Turai kuma ga masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004. Yawancin ƙananan na'urorin nan an gina su ne a kan wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai suna ELM327, suna aiki da manhajoji irin su Torque da Car Scanner.

Amfaninta mafi girma a wannan matsala ba karanta lambobin matsala da mota ke adanawa ba ne, kwatantawa ne. Ka buɗe manhajar ta nuna gudun mota da juyin inji da ƙarfin wuta, ka sa ta riƙa adana su. Idan allurar maleji ta faɗi amma waya na ci gaba da nuna kilomita 80, na'urar auna gudu lafiyarta ƙalau, matsalar tana tsakanin kwamfutar inji da allo. Idan su biyun suka faɗi tare, sai a koma can tushe. Idan kuma a daidai lokacin ka ga ƙarfin wuta ya nutse, ka samu amsarka.

Game da lambobi, masu farawa da P na inji da giya ne, masu farawa da U na sadarwa ne tsakanin kwamfutoci, kuma su muke nema. U0155 na nufin an rasa sadarwa da allon mita, U0100 kuma an rasa sadarwa da kwamfutar inji. P0500 na nuni ga na'urar auna gudu. Sai dai na'urori masu araha da yawa kwamfutar inji kaɗai suke iya tambaya, saboda haka idan ta ce babu lamba, ba shi ke nuna babu ba. Kuma don Allah kada ka goge lambobin kafin ka ɗauki hotonsu. Su ne kawai abin da motar ta tuna. Ga mai multimita, akwai awo mai sauƙi a motocin da ke amfani da CAN a wannan rami: a cire batir, a sa mita a kan om, a auna tsakanin baki na 6 da na 14, ya kamata a ga kusan om 60. Idan aka ga 120, ɗaya daga ƙarshen layin ya yanke. Idan ka gama, ka zare na'urar, domin baki na 16 yana da wuta ko mota na kashe, wasu kuma sukan shanye batir a hankali.

Tambaya: Malam, ni gejin mai kaɗai ke mini ƙarya. Idan tanki ya cika yana nuna daidai, da ya zo rabi sai ya faɗi ƙasa, can kuma ya dawo.

Amsa: Hajiya, taki ta fi sauƙi. Tunda allura ɗaya ce, kuma a wuri ɗaya take yi, kusan tabbas daga cikin tanki ne. Akwai wani abu mai yawo a saman mai, da hannu da ke goga a kan wani ɗan faranti. Wurin da ya fi shan guga yakan cinye, idan hannun ya zo nan sai saƙo ya yanke. A fara duba soket ɗin da ke saman tanki, sannan a ciro na'urar a auna ta ana ɗaga hannun a hankali. Aikin tanki ne, a yi shi a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta da taba. Kafin nan ki riƙa mayar da ƙaramin lissafin tafiya sifili duk lokacin da kika sha mai.

Tambaya: Tun da aka sa mini rediyo mai Android da na'urar bin sawun mota, allon ya fara haukacewa lokaci-lokaci. Mai sawa ya ce babu ruwan aikinsa.

Amsa: Akwai yiwuwar da ruwansa, kuma gwada hakan ba wuya. A cire su biyun gaba ɗaya daga wayoyin motar, ba kashewa kawai ba, ka yi tafiyarka ta yau da kullum na wasu kwanaki. Idan matsalar ta ɓace, a mayar da ɗaya a sake jira, sannan ɗayan. Abin da aka fi samu shi ne an feɗe wayar da ke ba allo wuta an jona sabon kaya a kanta, an murɗa da hannu an naɗe da tef, ko an ɗauki nagatif daga wayar allon maimakon jikin mota. Wani lokaci kuma ɗan akwatin da ke haɗa rediyon da layin CAN don maɓallan sitiyari su yi aiki ne ke cusa hayaniya a layin. Idan za a mayar, kowace na'ura ta samu wutarta daga akwatin fiyus da nata fiyus ɗin, nagatif a ɗaure shi da noti a ƙarfen jiki, duk wayar da aka feɗe a baya kuma a liƙe ta da dalma a rufe ta da robar da ke tsukewa da zafi.