Hukuncin Rubuta Sanadin Mutuwa da Ƙidayar Mamata a Lokacin Annoba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kwamitin jana'iza ne a wata unguwa cikin Jos. A hunturun da korona ta dawo karo na biyu, mahaifinmu ya kwana tara yana tari da zazzaɓi, numfashinsa na sarƙewa, har Allah ya karɓi abinsa. Da ma'aikatan lafiya suka zo, baffanmu ya ce a ce musu hawan jini ne, muka faɗa. Hujjarsa ita ce ƙidayar mamata jayayya ce da ƙaddara, kuma tonon asirin mamaci ne. Yanzu ga shi an ɗora mini riƙe littafin maƙabarta, ina rubuta wanda aka binne da ciwon da ya yi. Ya halatta? Abin da muka faɗa a baya fa, mene ne hukuncinsa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Riƙe wannan littafi halal ne, kuma idan kare rayuka ya dogara da shi, ya zama farilla ta kifaya a kan hukuma da al'umma. Ƙidaya ba baƙuwa ba ce a Musulunci. Bukhari ya ruwaito daga Huzaifa cewa Annabi (SAW) ya ce a rubuta masa waɗanda suka furta Musulunci, aka rubuta mutum 1,500. Malaman tarihi sun faɗi adadin waɗanda annobar Amwas ta ci a shekara ta 18 bayan hijira, har da su Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal, babu wanda ya ce sun yi jayayya da ƙaddara. A Misira ma, zamanin Mamluk, ofishin gado ne ke rubuta yawan mamatan kowace rana in annoba ta sauka, malamai irin su Maƙrizi suna ɗauka su zuba a littattafansu.

Maganar ƙaddara kuwa Sayyidina Umar ya riga ya rufe ta a Sarg. Da ya ji annoba ta faɗa Sham ya juya da jama'a, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ka lura, ɗan'uwa, Umar bai juya ba sai da labari ya iso masa. Hadisin Abdurrahman bin Auf ma da sharaɗi ya fara: "Idan kun ji labarinta a wata ƙasa, kada ku shiga." To ta yaya za a ji, in kowane gida ya ce nasa hawan jini ne?

Ga yadda lissafin yake tafiya, don ka san inda littafinka ya shiga. Alƙaluman da hukumar NCDC take fitarwa daga Abuja kowane dare, tun bayan da aka samu mutum na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, na waɗanda gwaji ya tabbatar ne. A nan Filato har ɗakin gwajin cibiyar binciken dabbobi ta Bom aka shigar cikin aikin. Amma mu fa yawancinmu a gida muke cikawa. Mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, babu likita babu takarda. Shi ya sa masana suke bin wasu hanyoyi biyu: su zauna da iyalai su tambayi alamomin ciwon, ko su gwada yawan waɗanda aka binne a wata da yawan da aka saba binnewa a irin watan. A Kano, cikin Afrilun 2020, masu haƙan kabari ne suka fara cewa gawa ta yi yawa. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. Da bakin iyalai da littattafan maƙabartu aka gano wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta kiyasta cewa a 2020 da 2021 mutum kusan miliyan 14.9 ne suka rasu fiye da yadda aka saba, alhali waɗanda ƙasashe suka bayar da rahoto kusan miliyan 5.4 ne.

Batun tonon asiri: abin da malaman fiƙihu suka umarci mai wankan gawa ya rufe shi ne aibu, kamar sauyawar fuska ko wani abu da zai zubar da mutuncin mamaci. Ciwon ƙirji ba aibu ba ne. Wanda annoba ta kashe ma Annabi (SAW) ya lissafa shi cikin shahidai.

Don haka abin da kuka faɗa kuskure ne. Shaida aka nema a wurinku, Allah kuwa ya hana ɓoye shaida a ƙarshen Baƙara, ya kuma ce a Suratun Nisa'i a tsaya da gaskiya ko da a kan iyaye da dangi ne. Ban ce baffanku mugu ba ne. Na san tsoron da aka shiga lokacin: kada a riƙe gawa, kada 'yan unguwa su daina shigowa gaisuwa, kada a rufe wa mutum shago a kasuwa. Wannan yana rage laifi, amma ba ya mayar da ƙarya gaskiya, musamman da yake an yi zaman makoki a falo ɗaya, tsofaffi na musabaha, ana zagayawa da buta ɗaya. Ku tuba, ku yi istigfari. In akwai hanyar gyara bayanin ku gyara. Wanda ya rantse a kai da gangan, a mazhabar Malik babu kaffara a irin wannan rantsuwa, tuba ce kawai. Ka je wa baffa da ladabi, ba a gaban yara ba.

Littafin da ke hannunka kuma amana ne. Ka rubuta kwanan wata, shekaru, namiji ko mace, da alamomin da iyali suka gani. Kada ka sa wa ciwo suna da ka. Tari a sanyin Jos na Disamba da Janairu yana iya zama mura, ko ciwon huhu, ko tarin fuka, Allah kuma ya ce kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa. Ka rubuta "tari da zazzaɓi kwana tara", likita ya yanke sauran. Ƙara adadi don a samu tallafi haramun ne kamar rage shi don gudun kunya. Adadi ake kai wa hukuma, sunayen mutane ba na ɗorawa a Facebook ko WhatsApp ba ne.

In ma'aikata suka nemi ɗaukar samfuri daga hancin mamaci da ɗan tsinken auduga, babu laifi da izinin waliyyinsa, don bai shiga hanin karya ƙashin mamaci ba. Sai dai kada a tsare gawa jiran sakamako. A ɗauka, a yi masa sutura cikin kiyayewa, a sallace shi a binne, sakamako ya biyo baya a shigar a littafi.

Wallahu a'alam.