Amsa ga mai 328i: doki nawa ke cikinta?

Salamu alaikum ƴan gida. Na ga tambayar ƙanenmu mai BMW 328i ƙirar E36 ta 1996, wadda aka hauro da ita daga Kwatano. Ya ce ya sa mata buɗaɗɗen eshafma da filtar iska mai kan mazurari, kuma wanda ya sayar mishi ya rantse an taɓa kwamfutarta tun a Turai. Abokansa na fada sun ce za ta kai doki 250 (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji), shi kuma yana son ƙiyasi kafin ya kai ta a ɗora a kan daino, na'urar nan mai auna ƙarfin mota.

Ƙanena, na riƙe irin wannan motar shekara shida a nan Damagaram, don haka ba zan ɓoye maka ba: ba za ta kai 250 ba. In lafiyarta ƙalau, ka sa rai da 185 zuwa 200 a inji. Ga yadda na yi lissafin.

Da farko ka manta da lambar CV da ke kan takardar motar, wannan ta haraji ce, ba ƙarfin inji ba. Injinka M52 ne, silinda 6, lita 2.8. Ranar da ya fito daga masana'anta doki 193 yake bayarwa a juyi 5,300 a minti, ƙarfin murɗawarsa kuma 280 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa). Daga nan ake farawa, kuma ragi ake fara yi kafin ƙari, domin injin ya haura shekara 25 yana aiki.

Akwai lissafin da ke kashe gardamar fada: doki shi ne Nm sau juyi, a raba da 7,023. Injin da ba shi da turbo, abin da yake samu bai cika wuce 100 Nm a kowace lita ba, naka kuwa tun daga masana'anta yana nan daidai wurin. To don ya ba da 250, sai ya riƙe 270 Nm har juyi 6,500, alhali a can sama numfashinsa ya riga ya fara yankewa. Dubi M3 ta wannan ƙirar, mai lita 3.0: doki 286 take yi, amma sai a juyi 7,000, kuma kowace silinda da maƙogwaronta na iska. Inji ne daban tun daga tushe. Eshafma da filta ba sa mai da jaki doki.

Eshafman zai iya ba ka doki kaɗan, biyar ko ƙasa da haka, sauran duk ƙara ce. Kunne kuma maƙaryaci ne, in mota tana ruri sai ka ji kamar tashi za ta yi. Kwamfutar da aka taɓa, in ma gaskiya ne, a injin da ba turbo abin da take ƙarawa ba shi da yawa. Abu ɗaya da na san yana aiki a wannan injin shi ne a ɗauko bututun shigar iska na M50, wato na 325i, a ɗaura mishi, don ya fi faɗi. Wannan kan ƙara doki 10 zuwa 20 in juyin inji ya yi sama, amma ka ɗan rasa ƙarfi in juyin yana ƙasa. Ɗaga kapo ka sa wanda ya san su ya duba maka, wataƙila an riga an yi.

Filtar mazurarin nan kuwa ni ta taɓa cin kuɗina. Wani makaniki, ba sai na faɗi sunansa ba, ya cire mini akwatin filta na asali ya ɗaura ta a fili, dab da inji. Da safe in na fito daga Birni motar garau take. Amma da azahar a watan Afrilu, in ka tsaya minti biyar a cunkoson kasuwar Dole, sai ta yi nauyi kamar an ɗaura mata amalanke, saboda iskar cikin kapo take zuƙa, wadda ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba. Da hunturu ya shigo na cire robar da ke bayanta, na sa yatsa a ciki, sai ga ƙura ja laushi kamar garin lalle. Wato abin da ya kamata a tare, injin ke sha. Washegari na mayar da akwatin asali.

Kada ka manta da garinmu ma. Adadin 193 ɗin an auna shi ne a ma'aunin Jamus, zafi 20 da iskar bakin teku. Damagaram tana sama da teku da mita 450 da wani abu, kowace mita 100 kuma tana cin kusan kashi 1 cikin 100. Zafin 42 ya ƙara cin kusan kashi 4. Ka ga ko sabuwa ce dal, da rana tsaka a hanyar Mirriya kusan doki 15 sun tafi. Daino yakan gyara wannan a lissafinsa, amma ƙafarka ba ta gyarawa.

In kana son lamba tun kafin tafiya, debimeta ce za ta gaya maka, wato na'urar da ke auna iskar da inji ke sha. Motarka soket ɗin gwajinta zagayayye ne mai fil 20 a cikin kapo, sai an nemo mahaɗinsa. A jona kwamfutar gwaji, wani ya zauna gefe yana kallo, kai kuma ka take a giya ta 2 har kusa da jan layin agogon juyin inji. Ku ɗauki lamba mafi girma. In da kilo a awa ta fito, raba da 3.6 ka sami giram a sakan, sannan ka ninka da 1.25. Giram 150 kenan doki 188 ko kusa. Tawa 143 ta nuna da sanyin asuba, na yi shiru da bakina a fada. Don Allah ka nemi hanyar da ba kowa, awaki da ƴan kabu-kabu ba su san gwaji kake ba.

Kafin wannan ma, a auna matsin silindojin shida. Kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. M52 na Turai na shekarun nan bangon silindarsa shafen Nikasil ne, kuma mai mai yawan sulfa yana cinye shi. In an daɗe ana ɗura mata na ƴan ruwa-ruwa wanda ba a san asalinsa ba, wannan gwajin ya fi dainon muhimmanci. A canza buji, a duba robobin VANOS, na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, su ma in sun tsufa motar kan rasa ƙarfi in juyin inji yana ƙasa.

Ranar da ka je kuma, tambaye su lambar ta taya ce ko ta inji. Akwatin giya da aksil na baya suna cin wajen kashi 15, don haka in takarda ta nuna 160 zuwa 168 a taya kada ranka ya ɓaci, motarka na nan kusa da yadda aka ƙera ta. Ka zuba mai na gidan mai, ka duba iskar tayoyi, ka bari su ja ta sau uku. In ka dawo turo mana hoton takardar, ina son ganin inda layin ƙarfin injin ya fara sunkuyawa.