Fasasshen ƙwai, tsiren dare da maganin kyamis

Wani mai shayi daga Runjin Sambo a Sakkwato ya ce ana kawo masa fasassun ƙwai da araha, ko ya saya?

A'a, Malam. Ƙwayar cutar salmonella daga kashin kaza take fitowa ta manne a jikin ɓawo. Da ɓawon ya tsage ta samu ƙofa, zafin garin nan kuma ya taimaka mata ta hayayyafa. Sayi lafiyayye, ka soya shi har gwaiduwar ta daskare.

Wani saurayi daga Arkilla yana tambaya ko yaji da lemun tsami suna kashe ƙwayoyin cutar tsire.

Wa ya faɗa maka haka? Wuta ce kaɗai ke kashe su. Ka sa mai tsire ya mayar maka da shi kan garwashi har zafi ya ratsa ciki. Ka kuma kalli wuƙarsa: idan da ita ya yanka ɗanyen nama, ya juya ya yanka maka albasa da kabeji bai wanke ba, bar masa kayansa.

Wata uwa daga Mabera ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 2 ya sha fura da nono, washegari ya tashi da zawo da zazzaɓi. Mai kyamis ya ce taifod ne, ya haɗa mata Flagyl da wasu ƙwayoyi.

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, Allah ya ba shi lafiya. Irin wannan zawo yakan tashi cikin awa 6 zuwa 72 bayan cin gurɓataccen abinci, kuma galibi yakan lafa cikin mako guda. Abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ki sayi ORS, wato garin gishiri da sukari na masu zawo, ki zuba a ruwan da aka tafasa ya huce, daidai yawan da aka rubuta a jikin takardar. In babu, lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ki haɗa da zinc na kwana 10 zuwa 14, kada ki daina ba shi abinci.

Amma wannan ɗabi'a ta ruga wa kyamis tana ci mini rai. Da ido aka gane taifod? Ko gwajin jini na Widal da ake ta biya wa kuɗi don gano taifod yakan nuna cutar ga wanda ba shi da ita. Gwajin da ake shuka jini a ɗakin bincike ya fi shi tabbas. Flagyl kuwa ba ya taɓa salmonella, ƙwayar cutar da kan jawo irin wannan zawo da kuma taifod. An kashe kuɗin cefane, yaro ya haɗiyi ɗaci a banza. Sauran ƙwayoyin kuma a sha kwana biyu a ajiye, cutar ta saba da su, ran da ake buƙatarsu da gaske su ƙi aiki.

Idan kika ga jini a kashinsa, idanunsa sun faɗa, fitsari ya ɗauke, ko yana amayar da duk abin da ya sha, kada ki jira gari ya waye. Ki kai shi asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ki riƙa ba shi ORS ɗin a hanya.